Goge Huɗu Na Ƙasar Rasha Da Faya-fayan Da Suka Riƙe Su

Ya kai mai karatu, ka taɓa zama wurin kiɗan goge, mai gogen ya yi wani taɓi da ya ratsa ka, har ka ce ina ma a sake? Ko ya sake, ba zai fito daidai da na farko ba. Kiɗa kamar iska yake, da ya fita ya tafi. Ran da mai gogen ya bar duniya kuwa, hannunsa ya tafi tare da shi.

Yau za mu kai ka nesa, can ƙasar Rasha, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Za ka ji labarin wasu mutum huɗu da suka yi fiye da shekara 40 suna kiɗa tare. Za ka ji labarin mutumin da yake tsara musu kiɗan. Za ka kuma ji labarin faya-fayan da suka riƙe mana aikinsu bayan dukansu sun mutu.

Wane irin goge ne?

Gogenmu ka san shi: ƙwarya ce da fata, da tsirkiya guda ta izgar doki. Gogen Turawa da katako ake yin sa duka, tsirkiyarsa huɗu. Amma shi ma da ɗan baka mai izgar doki ake goga shi.

Yana da girma iri-iri. Akwai ƙarami mai siririyar murya, wanda ake ɗorawa a kafaɗa. Akwai matsakaici, wanda ya ɗan fi shi girma da kaurin murya. Akwai babba, wanda sai an zauna an tsayar da shi tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta dattijo.

Idan aka haɗa ƙanana biyu da matsakaici ɗaya da babba ɗaya, an sami abin da Turawa ke kira kwartet, wato kiɗan mutum huɗu. Babu ganga, babu mawaƙi, babu ƴan amshi. Ba kiɗan rawa ba ne, kiɗan zama ne a saurara. Babu kuma wani shugaba da zai tsaya gabansu yana nuna musu hanya. Kowa sai ya kasa kunne ga sauran ukun, kamar hirar dattawa: wannan ya kawo magana, wancan ya karɓa, wani ya ja, wani ya sasanta.

Kiɗa ma ana rubuta shi

Ga wani abin da zai ba ka sha'awa, kai da ka koyi karatu. A can, kiɗa ma rubuta shi ake yi. Akan ja layi biyar a takarda, a riƙa ɗiga alamomi a kansu. Kowace alama tana nuna sauti guda, da tsawon lokacin da za a ja shi. Saboda haka mai tsara kiɗa daban, masu kaɗa shi daban. Mai tsarawa yakan zauna shi kaɗai da alƙalami, ya rubuta wa kowane goge rabonsa. Makaɗa su karɓi takarda su karanta.

Mutum biyu ne suka fara ɗaukaka wannan kiɗa a Rasha. Na farko shi ne Caikofski. Wata rana a garin Kamenka, inda ƴar'uwarsa ke aure, ya ji wani ma'aikaci yana rera tsohuwar waƙar ƙauye. Muryar waƙar ta zauna masa a kai. A shekarar 1871 ya sa ta cikin kiɗansa na farko na goge huɗu. A 1876 aka kaɗa shi gaban babban marubucin nan Tolstoi, sai aka ga dattijon yana zubar da hawaye.

Na biyu shi ne Borodin. Shi malamin kimiyya ne, yana koyar da masu karatun likita. Sai in ya sami hutu yake rubuta kiɗa. A 1881 ya rubuta kiɗansa na biyu na goge huɗu, ya sadaukar da shi ga matarsa. A cikinsa akwai wani kashi da ake kira kiɗan dare. Babban goge ne ke farawa a hankali, ƙaramin ya amsa masa, kamar miji da mata suna hira bayan yara sun yi barci.

Takardun waɗannan mutane suna nan. Amma yadda makaɗan farko suka kaɗa su, babu mai rai da ya taɓa ji. Takarda ta riƙe kiɗan, ba ta riƙe hannun ba.

Yadda faifai ya zo

A 1877 wani mutumin Amurka, Edison, ya ƙera na'urar farko mai kama murya ta maido da ita. Daga baya aka fito da faifan garmaho. Ka dubi faifan da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya, yadda saƙar ke kewayawa zagaye bayan zagaye. Haka na garmaho yake. Wani siririn kwari ne ya kewaye shi tun daga baki har tsakiya. Allura ke bin kwarin nan tana rawa, rawar allurar ita ce ke zama sauti.

Faya-fayan dā suna juyawa sau 78 a minti guda. Fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu ko biyar. Kiɗan da ya kai rabin awa sai an yanyanka shi a kan faifai uku ko huɗu. Ana cikin jin daɗi sai a tashi a juya faifai. A 1948 aka fito da sabon faifai mai juyawa a hankali, sau 33 a minti. Fuska guda tana ɗaukar fiye da minti 20. Daga nan ne aka sami damar jin dogon kiɗa ba yankewa.

A lokacin, Rasha tana cikin babbar ƙasar da ake kira Tarayyar Sobiyet. Kome na gwamnati ne, har yin faifai. Akwai babbar ma'aikatar buga faifai a garin Afrelefka, kusa da birnin Mosko. A 1964 gwamnati ta haɗa aikin duka ƙarƙashin kamfani guda mai suna Melodiya. Yawancin faya-fayan da za mu ambata, da wannan suna suka shiga duniya.

Samari huɗu na Mosko

A 1923 wasu samari huɗu na makarantar kiɗa ta Mosko suka haɗa kai. Tsiganof ne ke riƙe da ƙaramin goge na farko. Basili Shirinski yana da na biyu. Borisofski yana da matsakaici. Sergei Shirinski, ƙanen Basili, yana da babba. A 1931 ƙungiyarsu ta ɗauki sunan Betoben, wani mashahurin mai tsara kiɗa na ƙasar Jamus.

Daga 1923 har 1964 babu wanda ya fita, babu wanda ya shigo. Ka lissafa da kanka, shekara 41 ke nan. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum huɗu da ke ɗaki ɗaya kullum. Amma tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Sun saba har idan ɗaya ya ja numfashi, sauran sun san inda zai sa baka.

Mai tsara kiɗa cikin tsoro

Mutumin da ya fi ba su aiki shi ne Dimitiri Shostakobic. An haife shi a 1906 a birnin da daga baya aka kira Leningirad. Tun yana ɗan shekara 19 sunansa ya fita.

Zamanin mulkin Stalin ne, zamanin da magana guda kan ci ran mutum. A watan Janairu na 1936 Stalin ya je kallon wani wasa da Shostakobic ya tsara wa kiɗa. Ya tashi ba a gama ba. Kwana biyu bayan haka babbar jaridar masu mulki ta zagi kiɗan. A shekarun nan aka kama wasu daga danginsa da abokansa, wasu aka harbe su. An ce da dare yakan ajiye jakar tufafinsa kusa da ƙofa, yana jiran a zo tafiya da shi. A 1948 aka sake far masa, aka kore shi daga aikin koyarwa, aka hana kaɗa kiɗe-kiɗensa da yawa.

To, ina mutum zai kai abin da ke cinsa a rai? Babban kiɗa na mutum ɗari sai da babban zaure, idon hukuma kuwa yana kansa. Na goge huɗu, mutum huɗu da ɗaki guda sun isa. Ba shi da kalma ko ɗaya da za a kama a ce ga laifi. Daga 1938 zuwa 1974 Shostakobic ya rubuta irin wannan kiɗa har 15. Lamba ake ba su: na ɗaya, na biyu, har na 15. Wani lokaci yakan rubuta ya ɓoye. Na huɗu ya gama shi a 1949, amma jama'a ba su ji shi ba sai ƙarshen 1953, bayan mutuwar Stalin.

Daga cikin 15 ɗin nan, ƙungiyar Betoben ce ta fara kaɗa 13 a gaban jama'a, daga na biyu har na 14. Kafin su fita, sai sun yi ta gwaji yana zaune yana saurare. Ya ce nan a ƙara sauri, nan a sassauta, nan a rage ƙarfi. Abin da takarda ba ta faɗa ba, daga bakinsa suka ji shi.

Wannan shi ne darajar faya-fayansu. Sautin tsoffin ba shi da tsabta kamar na yanzu, za ka ji ɗan shuu a ƙarƙashi. Amma hannun da ke kiɗan, mai kiɗan ne da kansa ya gyara shi. Har akwai faifan da shi ma ya shiga. A 1940 ya rubuta musu wani kiɗa na mutum biyar, su huɗu da gogensu, shi da fiyano. An ɗauke su tare, ana iya jin yatsunsa har yau.

Na takwas

A cikin 15 ɗin, na takwas ya fi suna. Ga yadda aka yi.

A yaƙin duniya na biyu Tarayyar Sobiyet ta rasa fiye da mutum miliyan 20. Sojojin Jamus sun kewaye Leningirad, garin su Shostakobic, kusan kwana 900, yunwa ta kashe mutane ba iyaka. Ita ma Jamus ta sha wuta. A watan Fabrairu na 1945 jiragen Ingila da na Amurka suka yi wa birnin Diresdan ruwan bama-bamai, ya ƙone.

A watan Yuli na 1960 aka aiki Shostakobic kusa da Diresdan, don ya tsara kiɗan wani silima. Sai ya zauna ya rubuta kiɗan goge huɗu cikin kwana uku, daga 12 zuwa 14 ga wata. Da aka buga takardar, an sa cewa don tunawa ne da waɗanda yaƙi da mulkin ƴan Fasist suka hallaka. Amma a wasiƙar da ya aika wa wani amininsa, ya nuna cewa makokin kansa ne ya rubuta, don yana ganin in ya mutu ba wanda zai yi masa. A shekarar nan ne aka matsa masa ya shiga jam'iyyar masu mulki, abin ya dame shi ƙwarai.

Ka san take, yadda makaɗi kan kira sunan mutum da ganga ba tare da ya buɗe baki ba. Shi ma ya yi wa kansa take. A Jamus kowane sautin kiɗa yana da harafinsa. Sai ya ɗauki haruffan farkon sunansa yadda Jamusawa ke rubuta shi, D da S da C da H, ya mai da su sauti huɗu. Da su babban goge ke buɗe kiɗan, sauran su karɓa ɗaya bayan ɗaya. Taken nan yana ta dawowa har ƙarshe.

Kiɗan kashi biyar ne, ba a tsayawa tsakaninsu, duka kamar minti 20. Yakan fara a hankali, sai ya ɓarke da gudu kamar ana korar mutum. A kashi na huɗu za ka ji bugu uku masu ƙarfi, suna ta maimaituwa. Wasu sun ce ƙarar bindigogin yaƙi ce. Wasu sun ce bugun ƙofa ne da tsakar dare. Ƙungiyar Betoben ta fara kaɗa shi a Leningirad ran 2 ga Oktoba 1960, ta kuma sa shi a faifai.

Ƙungiya ta biyu

A 1945 wasu samari sun kafa tasu ƙungiyar a makarantar nan ta Mosko. Bayan kamar shekara goma ta ɗauki sunan Borodin, malamin kimiyyar da muka ambata. Dubinski ne mai goge na farko, Berlinski mai babba. Su ma sukan je gidan Shostakobic su kaɗa masa, ya gyara musu.

Su da kansu sun ba da labarin ranar da suka kaɗa masa na takwas a gidansa. Da suka gama sai suka jira gyara. Bai ce kome ba. Ya sa kansa cikin tafin hannuwansa yana kuka. Sai suka tattara gogensu, suka fita a hankali.

A 1962 sun je Landan, kamfanin Decca ya ɗauke su. Fuska ɗaya ta faifan kiɗan Borodin ne na biyu, mai kiɗan dare. Ɗaya fuskar na takwas ne na Shostakobic. Wato gefe guda soyayya, gefe guda makoki. Faifan nan yana cikin waɗanda suka sanar da mutanen wasu ƙasashe na takwas ɗin.

Daga baya suka ɗauka wa Melodiya na ɗaya har zuwa na 13. Nan suka tsaya, don a lokacin ba a rubuta sauran biyun ba tukuna. Kafin su cike, ɗayansu ya bar aiki saboda rashin lafiya, Dubinski kuma ya bar ƙasar a tsakiyar shekarun 1970. Da sababbin mutum biyu ƙungiyar ta sake ɗaukar 15 ɗin duka, daga 1978 zuwa 1983. Berlinski kuwa bai motsa daga kujerarsa ba sai 2007, bayan shekara 62.

Idan ka saurari ƙungiyoyin biyu za ka ji abin mamaki. Takarda ɗaya suke karantawa, amma kiɗan ba ɗaya ba ne. Ƴan Betoben sun fi sauri, ba sa ado, kai tsaye suke tafiya. Ƴan Borodin sun fi jan sauti da nauyi, muryarsu ta fi cika. Kamar mata biyu ne da aka ba gero ɗaya, kowace da ɗanɗanon furarta.

Ɗaya bayan ɗaya

Mu koma ga dattawan nan huɗu na Betoben. A 1964 ciwo ya kayar da Borisofski, almajirinsa Durujinin ya hau kujerarsa. A 1965 Basili Shirinski ya mutu. Saura biyu suka yi tunanin su watse, Shostakobic ya roƙe su kada su yi haka.

Daga nan ya fara yi wa kowannensu nasa kiɗan. Na 11, a 1966, don tunawa da Basili. Na 12, a 1968, na Tsiganof. Na 13, a 1970, na Borisofski: matsakaicin goge ne ke jan ragama a cikinsa, har akwai wurin da makaɗa ke ƙwanƙwasa jikin gogensu da sandar baka. Borisofski ya mutu a 1972. Na 14, a 1973, na Sergei ne, shi ya sa babban goge ya sami rabo mai tsoka.

Na 15 ya gama shi a 1974, shi ma yana fama da ciwo, hannunsa na dama ya yi rauni. Kashi shida ne, dukansu a hankali, babu mai sauri ko ɗaya. Ya ba abokansa suka fara gwaji. Ana cikin haka, a watan Oktoba, Sergei Shirinski ya mutu. Dole aka miƙa kiɗan ga wata ƙungiya ta Leningirad mai suna Taneyef. Ita ta fara kaɗa shi ran 15 ga Nuwamba 1974.

Shostakobic ya taɓa gaya wa Tsiganof cewa yana son ya kai kiɗan nan har 24. Kwana bai kai ba. Ya mutu ran 9 ga Agusta 1975. Tsiganof, na ƙarshe cikin huɗun, ya mutu a 1992. Shekara guda kafin nan Tarayyar Sobiyet da kanta ta wargaje, Leningirad ta koma tsohon sunanta, San Fitasbag.

Abin da ya rage

Mai tsara kiɗan ya tafi. Makaɗan sun tafi. Masu mulkin da suke tsoro sun tafi, har ƙasar ta sake suna. Amma faya-fayan suna nan. An juye su cikin sababbin na'urori, har wanda ke da wayar hannu da intanet yana iya jin su. Yaran da ke koyon wannan kiɗa a ƙasashe da yawa sukan karanta takarda, sannan su saurari tsofaffin nan, don su ji yadda aka so abin ya fito.

Ka lura, abu biyu ne suka taimaki juna. Ba don takarda ba, da ba a san abin da za a kaɗa ba. Ba don faifai ba, da ba a san yadda aka kaɗa ba. A bayan kowane faifai kuma an rubuta sunan makaɗa da sunan kiɗan. Da irin wannan rubutu ne muka san wane ne wane, har muka iya ba ka labarin nan.

To, kai fa? Wataƙila a garinku akwai tsohon mai goge, ko mai gurmi, ko wata tsohuwa da ta san waƙoƙin daka na dā. Yanzu ka iya riƙe alƙalami. Ka je ka gaishe su. In sun yarda, ka nemi wanda zai ɗauki muryarsu. Kai kuma ka rubuta sunansu, da sunan wanda ya koya musu, da garin, da ranar da aka ɗauka. Kada ka ce sai bayan girbi. Mutanen Mosko ma suna tsakiyar gwajin na 15 ne mai babban goge ya tafi.